Hular da Ta Faɗo Daga Saman Soro

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar Arfar da na zama ni kaɗai ne lafiyayyen namiji a duk faɗin Jarwal, unguwarmu a Makka. Farkon shekarun alif ɗari tara da sittin ne, ina ɗan shekara ashirin da biyu, ina ji da kaina, ina kuma neman auren Safiya 'yar Inna Mero.

Bari in yi wa wanda bai san Makkar wancan zamani ba bayani. Idan hajji ya zo, unguwarmu takan wayi gari ba maza. Direba, mai dahuwa, mai ɗaukar ruwa, mai kafa tanti, kowa ya bi alhazai Arfa da Mina neman abin da zai ci shekara. Sai gari ya koma hannun mata, su kuwa suna da bikinsu da ake kira Ges. Su sa kayan maza, wata ta zama gwamna, wasu sojoji, su zaga lunguna da kiɗa da waƙa. Duk namijin da suka tarar ya maƙale a gida, kashinsa ya bushe. Tun da iyayena suka iso da ni daga Kano ta Sudan nake jin labarin Ges, amma ban taɓa gani da idona ba, don kowace shekara ina can Arfa gaban tukunya.

Inna Mero bazawara ce mai sayar da waina, ba ta da tsawo amma muryarta takan riga ta isa wuri. Da iyayena suka je mata da maganar Safiya, ba ta ƙi ba, ba ta kuma amsa ba. Ni ta kira ta ce, "Ni ba na ba rago 'ya. Bana ka bi ƙanena Isuhu Arfa. Abin da ya dawo ya faɗa mini a kanka, shi ne amsarka." Kawu Isuhu shi ne shugaban masu dahuwa na wani mai masaukin alhazai. Wato dai aurena gaba ɗaya yana cikin tukunyarsa.

Mai hankali da ya ɗaura ɗamara ya yi aiki kamar jaki. Ni kuwa sai na zauna ina lissafi irin na wawaye. Hajjin ya faɗo tsakiyar zafi, gaban wuta a Arfa ba wasa ba ne, ga kuma Ges da nake mutuwar son gani. Na ce a raina, ai mara lafiya ba rago ba ne, babu mai ganin laifinsa.

Da asuba, motar ƙarshe na shirin tashi, na bayyana lulluɓe da bargo ina kaɗa haƙora. Kawu Isuhu ya taɓa goshina ya ji zafi (a Makka da rani, goshin wa ne ba zafi?). Ya ce, "Salamtak, ya waladi, sannu ɗana. Koma gida ka kwanta, Allah ya sawwaƙe." Har addu'a ya tofa mini, bawan Allah. Na lallaɓa ta bayan gida na haye saman soro, ko mahaifiyata ba ta san na dawo ba.

Nan na wuni ƙarƙashin tabarma, da goran ruwa da ɗan dabino. Na guji zafin Arfa na zo ina gasuwa a wanda ya fi shi, ba lada ba kuɗi. A kaina kuwa akwai hular da Safiya ta ɗinka mini da hannunta, kore mai zanen tsani. Wata biyu ta yi tana ɗinkinta a ƙofar ɗakin uwarta, duk matan layin sun san ta. (Kada ka tambaye ni wa nake yi wa ado a saman soro. Tattabaru ne kawai a wurin.)

Da la'asar sakaliya na jiyo ganga daga gangaren unguwa. Na sa ido a 'yar kafar katanga, sai ga su sun ɓullo. Wallahi ban taɓa ganin abu mai daɗi irin wannan ba. Wata tsohuwa Balarabiya ce gwamna, da alkyabba da gemun auduga, tana kan jaki tana ɗaga wa jama'a hannu. Sojoji na biye da bindigogin icce, wandunan mazajensu na jan ƙasa. Ta tagogin katako ana watso alewa, ana miƙo shayi da ma'amul, wannan cincin ɗin mai dabino a ciki. Larabawa da Hausawa da mutanen Jawa da Barebari duk sun cakuɗe, matan da na saba gani shiru-shiru a bakin famfo suna ta tsalle suna shewa. A gaban kowa ga shugaban 'yan sanda, da tsohon kwat ɗin mijinta marigayi, da gashin baki na baƙin tukunya, da zabori a hannu. Inna Mero ce.

A ƙofar gidanmu daidai suka ja birki, matanmu na Hausa suka shigo da kiɗan ƙwarya. To, nan ne shaiɗan ya same ni. Kafar katanga ta yi mini kaɗan. Na miƙe na leƙa da kai, na ƙara leƙawa da kafaɗa. Waƙar da suke yi ta zolayar ragon da ya zauna gida ne alhali kowa ya tafi, ni kuwa ina ta gyaɗa kai ina jin daɗinta, ko a jikina. Ana cikin haka na hango Safiya cikin sojoji, ta naɗa rawani ya rufe mata ido ɗaya. Na ƙara sunkuyawa.

Sai na ji iska a tsakiyar kaina.

Ina kallon hular tana juyawa a sama, a hankali, kamar ba ta da gaggawa, har ta sauka a gaban takalmin Inna Mero. Ganga ta tsaya. Ƙwarya ta tsaya. Ta sunkuya ta ɗauka, ta juya ta, ta dubi 'yarta, sannan ta ɗaga kai. Mata sun fi ɗari suka ɗaga kai tare da ita.

"Esh hada? Mene ne wannan?" in ji ta. "Hula ta dawo daga Arfa ta bar mai ita? Sauko, ɗan nan. Yalla!"

Na sauko da bargona, don har lokacin ina fatan ƙaryar za ta yi sauran aiki. Na durƙusa na ce, "Inna, zazzaɓi ne ya kama ni."

"Zazzaɓi mai gyaɗa kai? Mun gan shi yana bin kiɗa." Ta waiwaya ta nemo mahaifiyata cikin taron. "Yaya, wannan naki ne?"

Mahaifiyata, wadda ta haife ni, ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Nawa yana Arfa. Wannan ban san shi ba."

Shewar da aka yi, ina jin har babban Masallaci an ji ta. Na so ƙasa ta tsage. Ba dukan zaborin nake tsoro ba, Safiya nake satar kallo, ita kuwa ta juya baya kafaɗunta na rawa. Ban sani ba ko kuka take ko dariya, amma na tabbata a raina aure ya tafi.

Gwamna ta yi zaman shari'a a kan jakinta, Inna Mero ta karanto hukunci. Ba a dake ni ba, da ma an dake nin. Masu ɗaukar ruwa duk sun bi alhazai, randunan unguwa sun fara ƙafewa. Aka ce tunda Allah ya ba su namiji, ni zan shayar da layinmu har maza su dawo. Aka ɗora mini sanda a kafaɗa da garwa biyu, aka raka ni famfo da ganga. Hular kuwa Inna Mero ta kafa ta a kanta.

Duk wanda ya san Jarwal ya san hawa ce da gangara. Kwana uku ina hawa ina sauka, kafaɗata ta sale, ƙafafuna suka kumbura. Amma ka ji abin mamaki, ban taɓa cin daɗi irin na kwanakin nan ba. Kowane gida na juye ruwa sai an zolaye ni, sannan a cika mini hannu da ma'amul ko tsokar layya. Wata tsohuwa makauniya da randarta ta kwana biyu a bushe ta riƙe hannuna ta yi ta sa mini albarka, har na ji kunyar da ta fi ta ranar farko.

Ranar da maza suka dawo, ina juye garwar ƙarshe a randar Inna Mero sai ga Kawu Isuhu, ya yi baƙi ya rame. Ya ce, "Yaya, yaron nan fa kada ki ga laifinsa. Da ciwo na bar shi."

Na daskare da garwa a hannu. Kalma ɗaya za ta faɗa, in rasa Safiya in kuma rasa mutuncina wurin mutumin da ya tofa mini addu'a. Ta dube ni ta daɗe, ta dubi randarta cike fal.

"Na sani," in ji ta. "Ni na yi masa magani. Rago ne, amma yana jin magani. Ka ce wa mutanensa su zo."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Hula dai ba ta dawo ba. Kowace shekara da ita take fita Ges, haɗe da gashin bakinta na baƙin tukunya, har bikin ya mutu aka daina. Ni kuwa ban sake fashin Arfa ba, ko da zazzaɓin gaske. Da ta rasu, Allah ya jiƙanta, Safiya ta tarar da hular a ƙasan akwatinta, naɗe cikin kwat ɗin nan. Na riƙe ta na yi kuka kamar yaro, ina kewar muryar da ta fi kowace murya tsorata ni.

Darasin da na koya, ina gaya wa jikokina shi kyauta. Kada ka yi wa surukarka ƙarya. In kuwa ka riga ka yi, har ka hau soro leƙe, to don Allah cire hular.