Solar Malam Ba Ta Yi Takaba Ba

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja, da mataimakansa, da bawan Allahn da aka ɗora wa aikin turo saƙo a waya,
Kamfanin Tsakar Rana Sola,
Birnin Kano.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku da injinanku, ni ce Ramlatu, matar mutumin da kuka kafa wa sola a bayan kasuwar Rano. Karatuna bai wuce firamare ba sai ɗan na Islamiyya, don haka in kun ga gyara a rubutuna ku yi haƙuri. Na so in zo ofishinku da ƙafata, to ina cikin takaba. Shi ya sa na rubuta a fili kowa ya gani, tunda abin kunyar da ke ciki duk unguwa ta riga ta ji.

Makon jiya kun turo saƙo a wayar Malam cewa idan mai rajista bai bayyana a ofishinku da kansa kafin ƙarshen wata ba, za ku rufe shafinsa a manhajarku, ku goge lissafin duk wutar da solarsa ta tara tun ranar da aka kafa ta. Ranku ya daɗe, mai rajista ba zai samu zuwa ba. Allah ya yi masa rasuwa a ƙarshen damina. Ni kuma takabata ba za ta ƙare kafin wa'adinku ba. Shafin nan ba na so a goge shi, kuma zan faɗi dalili. Amma ku bar ni in fara da ƙorafi, don na lura mai roƙo zalla ba a cika sauraronsa a ofis ba.

Na ɗaya. Kullum da safe wayar Malam sai ta yi ƙara, in duba in ga kun rubuta, "Barka da safiya, Ishiyaku." Haka nan tsurarsa, babu Malam babu komai. Ni da na zauna da shi har muka aurar da 'ya, ban taɓa faɗin sunan nan da bakina ba. Yanzu ma da na rubuta shi sai da na waiga ko wani yana kallona. Wane ne sa'ansa a ofishinku? Ko tare kuka yi makarantar allo?

Na biyu. Duk wata kuna rubuto masa cewa ya adana kuɗi kaza na wuta. Malam yakan karanta mini da ƙarfi ina bakin murhu, ni kuma ina cewa madalla. A raina na ɗauka kamar adashi ne, wata rana za a kwasa. Bayan sadakar bakwai na ja 'yata Na'ima gefe, na raɗa mata cewa babanta ya bar mana ajiya a cikin waya, ta je wurin mai POS ta ciro kafin magana ta bazu. Yarinyar nan ta dube ni, idonta duk ya kumbura da kuka, ta yi dariyar da ba a taɓa yi a gidan makoki ba. Ta ce ai kuɗin da ba a kashe ba ne kawai ake nufi. To in haka ne, ranku ya daɗe, ni ma na adana kuɗin kujerar Makka shekara da shekaru, tunda ban taɓa zuwa ba. Masu wutar layi kuma ba su ji labarin ajiyar ba, takardarsu tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa kamar kullum.

Na uku, shi ne gasar da kuka ƙirƙiro. Wa ya ba ku shawarar jera sunayen magidantan Rano da Kibiya, daga wanda solarsa ta fi ba da wuta zuwa na ƙarshe? Kun ɗauki dattijo mai kamala kun mayar da shi ɗan tsere. Da an sallame sallar asuba sai ya jingina tsani a rumfar tsakar gida, ya hau da tsumma mai laushi, ya goge faifan solar nan huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙulla gaba da tattabarun maƙwabta masu yi masa kashi a kai. Ya sare reshen darbejiyar da muke shan inuwa. Manomi ne, a masallaci yana roƙon ruwa, ya dawo gida yana harar hadari. Duk don kada Gajere mai shagon cajin waya a Rurum Sabon Gari ya wuce shi. Ran da Malam ya zo na ɗaya sai ya kira shi a waya ya ce, "Gajere, in rage gudu ne ko za ka iya?" Gajere ya ce ya jira damina ta zo. Haka suke har Allah ya raba.

Na huɗu, kuma a nan ne nake so ku ɗauki rabonku na laifi, ko kaɗan ne. Ran da yaranku suka zo kafa sola, a zaure suka yi wa Malam bayani. Babu wanda ya ce a kira matar gida. Ni abin da na sani shi ne, abin nan da rana yake aiki.

Da aka yi rasuwa, dangina na Nariya suka zo gaisuwa, kowa da abin da gonarsa ta ba shi. Lokacin kuɓewa ne. Kuɓewa ta taru a gidan nan har na rasa inda zan sa ƙafa. Na yanka, sai wurin shanya ya gagara. Mai takaba ba ta fita, tsakar gida kuma awaki da kaji sun riga ni. Na ɗaga kai na ga faifan Malam a kan rumfa, baƙaƙe, sumul, sun ɗauki zafi, akuya ba ta isa ta hau ba. Na ce Allah ya jiƙan Malam, ko bayan ransa yana yi mini amfani. Na hau tsani na shimfiɗa zani a kai, na baza kuɓewa. Tunda nake ban taɓa ganin shanya mai kyau irin wannan ba. Na bi da kuka, na bi da yakuwa. Maƙwabciyata Baraka ta gani ta yaba, ta kawo tattasanta, na ba ta faifai guda aro.

A kwanakin nan sai fanka ta fara juyawa kamar mai ciwon baya. Ƙwan fitila ya dushe. Firij ya yi shiru. Ku kuma kuna ta turo wa Malam saƙo cewa wutarsa ta ragu ƙwarai, ya duba. Ni na riga na gano dalili. Duk matar da ta shigo gaisuwa sai in nuna mata fanka in ce, kin gani, har solar ta san ya tafi. Mata suka yi ta kuka da ni. Wata tsohuwa ta ce dama kayan mutumin kirki haka suke yi. Mazan da za su iya ganewa kuwa a zaure suke tsayawa, ba mai shiga wurin mai takaba.

Gajere ne ya kasa haƙuri. Ya zama na ɗaya, amma ya ga sunan abokinsa ya gangaro har ƙasan jerin, ƙarƙashin mutanen da faifai ɗaya gare su. Ya hau babur daga Rurum ya zo, ya tsaya bayan katanga, ya miƙe a kan babur ɗin saboda tsawon da Allah ya ba shi, ya leƙa. Ya ga shanyata baje a kan faifan. Daga baya ya aiko Baraka ta gaya mini yana gaisuwa, yana yi wa Malam addu'a, kuma don girman Allah in kwashe miyar daga kan solar. Baraka ta isar da saƙon da tattasanta a hannu, ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Shin da kun rubuta a jikin faifan cewa ba a shanya a kai, hannunku zai karye ne?

Na biyar ba ƙorafi ba ne. Bayan wannan abin Na'ima ta koya mini karanta sandunan nan kore da kuke zanawa, kowace rana da tata. Malam ba ya son hoto, wanda muke da shi na katin zaɓe ne, kuma bai yi kama da shi ba. Amma a shafinku ina ganinsa. Ga makon da ya je suna Kibiya tattabaru suka samu sarari. Ga inda sandunan suka fara gajarta a hankali, lokacin da hawa tsani ya fara yi masa wuya, yana ce mini hadari ne. Ku kun ga ciwonsa kafin ni. Can a tsakiyar gajerun akwai wata doguwa guda ɗaya. Ranar ce ya ji dama-dama, ya hau ina yi masa faɗa, ya sauko yana haki yana dariya. Bai sake hawa ba.

Na kwashe shanyata, na wanke faifan, kuma tun daga ranar kullum da safe ina hawa in goge. Kwana kaɗan sai ga saƙonku, wai barka da dawowa, ka yi ƙoƙari, ci gaba da haka. Na san inji ne ya rubuta. Duk da haka na zauna a gindin tsani na daɗe, har Baraka ta leƙo ta katanga ta tambaya ko faɗowa na yi.

Don haka ga roƙona, ranku ya daɗe. Kada ku goge shafin Malam. Ku bar shi yadda ya bar shi, daga ranar kafawa zuwa ranar da aka kai shi makwancinsa. Ku buɗe wani da sunana, in kuna so ku kira ni Ramlatu tsurarta, ba zan yi fushi ba. Kwanakin kuɓewa kuma ku cire su daga nasa ku zuba a nawa. Mutumin nan a sama ya bar sunansa, bai kamata a rubuta masa na ƙarshe yana kabari ba, a kan aikin da bai sani ba. In sai an zo da kai, da na fita takaba zan hau motar Kano in zo da katinsa da nawa. Ku dai jira ni.

Allah ya ƙara wa kamfaninku girma, ya ba ku rana mai yawa da hadari daidai buƙatar manoma.

Taku mai biyayya da ladabi, ta ƙarshe a duk Rano da Kibiya,

Ramlatu Maman Na'ima,
Bayan Kasuwa, Rano.