Jatau Ya Nemo Makaɗan Bikin Indo

A Rafin Kuka, zamanin da biki sai da makaɗi ba da lasifika ba, an yi wani Jatau, ƙanin Kande mai ƙosai. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ga bikin Indo, 'yar Kande tilo, ya matso, dangin ango kuwa 'yan birni ne. Kande ba ta son su koma suna cewa biki ya yi lami.

Wata rana ta ce, "Jatau, nemo mana makaɗin da ke tara jama'a." Ya je kasuwa, ya ga ba wanda aka yi wa cincirindo kamar mai kalangun mahauta, ya jawo shi. Ana fara kiɗa sai ga mata da kwanoni.

"Kande, saniya kuka yanka? A sa min tumbi!"

Wata rana kuma ta ce, "Wanda zai sa samari gumi nake nufi, shashasha!" Ya ɗauko mai gangar noma. Samari suka fito da fartanyu, suka nome bayan gida tas, har da yakuwar da Kande ta shuka.

"Yaya, ai sun yi gumin," in ji Jatau.

Ranar ɗaukar amarya baƙi suka cika tsakar gida, ba makaɗi ko ɗaya. Kande, ido ya raina fata, ta ce, "Je ka tambayi mai bikin!"

Indo na cikin lulluɓi tana kuka. Ta ce, "Kawu, ni kiɗan da na tashi ina ji a gidan nan nake so in tafi da shi."

Jatau ya mirgino turmi har gaban baƙi, ya miƙa wa tsofaffin unguwa taɓare. Kande ta rufe fuska. Tsofaffi suka dubi juna, suka kama lugude, ana cilla taɓarya sama ana tafi ana cafewa.

Sai uwar ango ta miƙe, ta yar da gyale.

"Ba ni nan! Rabona da wannan tun ina budurwa a ƙauyenmu."

Aka yi ta yi har la'asar, 'yan birni na rangaɗa guɗa. Da motar amarya za ta tashi, sai ga Jatau yana nishi da turmi a ka.

"Direba, buɗe baya. Cewa ta yi da shi za ta tafi."