Gwamnan Tsakiyar Ruwa

Akwai wata safiya a kan ruwan Kainji da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da na so, domin mutanen Warra ba za su bari in manta ba.

Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ina koyarwa a wata firamare a Yelwa. Saurayi ne ni, kuma Allah ya yi ni da mafarkin ido biyu. Sai in tsaya gaban allo da alli a hannu, amma zuciyata tana zauren majalisa a Sakkwato, ina ɗaga hannu ana ba ni damar magana. (Ban taɓa ganin zauren ba. A raina dai yana da fanka da kujeru masu laushi.)

Ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankinmu abokin kawuna ne. Duk sanda majalisa ta tafi hutu, yakan zagaya ya gaya wa jama'a abin da aka tattauna. A wannan zuwan abu biyu ya kawo wa masunta: ƙudirin hana koma, ragar kamun kifin nan mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi, wanda ake kan muhawara a kansa, da roƙon ɗakin shan magani da ya gabatar, wanda yake gaban kwamiti. Ya ce shi zai bi hanya da mota, ni kuma in shiga jirgin ruwa da lasifika in bi tungayen masunta ina sanarwa a hallara a Warra. Na amsa kafin ya rufe baki. Ba kishin jama'a kaɗai ba ne. A Warra akwai Balki, ɗiyar wani babban masunci Malam Garba, wadda nake so a ɓoye. Ita kanta ba ta sani ba.

Muka yini muna bin tungaye, ni da mai jirgi Baba Manu, muka kwana a ɗaya daga ciki. Ruwan sama ya kwana yana zuba. Da sassafe muka nufi Warra, wani farin hazo ya kwanta a kan ruwan kamar an baza auduga. Muna cikin tafiya injin ya yi tari ya mutu. Baba Manu ya duƙa a kansa yana kwance-kwance, jirgin ya ci gaba da lilo a hankali.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Babu gaɓa, babu sama, sai mu. Wani tsuntsu ya fito daga farin ya sake nutsewa cikinsa. Na tuna Inna tana cewa ƙauyen da aka haife ta yana ƙarƙashin ruwan nan tun da aka yi madatsa, sai na riƙa leƙawa ko zan hango kan wata tsamiya. Na ji kamar duniya ta tafi ta bar mini wuri. Ga lasifika a gefena, batir cike. Na ce bari in gwada muryata, tunda ba mai ji sai kifi.

Na miƙe, na gyara hula, na ce, "Jama'ar bakin ruwa, gwamnanku ne ke magana."

Muryar ta tafi ta dawo mini da girma, kamar ta wani dattijo mai tumbi. Daɗi ya kama ni. Na sanar da cewa majalisa ta amince a kai wutar lantarki kowace tunga kafin kaka. Na gina gada daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ɗakin shan magani na mayar da shi babban asibiti mai bene. Maganar koma kuwa na soke ta, na ce kifi ya isa kowa. Baba Manu ya ɗago ya ce, "Malam, a hankali dai." Na ɗauka tsoro yake kada in kifar da jirgin, sai na ƙara buɗe ƙafa na tsaya da kyau.

Da na ga aikin ya yi yawa ga mutum ɗaya, sai na yi aure. Na ce, "Uwargidan gwamna, Hajiya Balki ɗiyar Malam Garba, ita za ta buɗe gadar da hannunta." (Har tafi na yi wa kaina, na manne lasifikar a hammata.)

A daidai nan rana ta taso, hazon ya fara yayewa. Da farko bakin wani jirgi na gani a ɗaure. Sai ƙafafu. Sai riguna. Ashe duk tsawon jawabin ruwa yana jan mu zuwa gaɓar Warra, har ta kai ga da na jefa dutse da ya faɗa cikin taron. Masuntan da na yini ina gayyata suna tsaye. Ɗan majalisa yana zaune a kujera, ya tallafe haɓa. Kusa da shi Malam Garba ne. Daga can bayan mata wata ta rangaɗa guɗa.

Na duba ruwan da gaske, ina auna ko in faɗa. Ban iya iyo ba.

Baba Manu ya tura mu gaɓa da gora. Na sauka, na durƙusa na gaida manya, ba wanda ya yi dariya, hakan kuwa ya fi dariyar ciwo. Ɗan majalisa ya ce tunda muryata ta buɗe, ni zan karanta wa jama'a ainihin saƙon. Haka na tsaya da lasifikar nan na rushe gadata, na kashe wutata, na mayar da asibiti roƙon da ke gaban kwamiti, na kuma shaida musu cewa maganar koma tana nan, kuma ana son jin ra'ayinsu. Nan taron ya kama da gaske, masunta suka yi ta muhawara har rana ta take, ni kuwa ina rakuɓe bayan mota.

Can wata tsohuwa ta same ni. Ba ta ji gyaran sosai ba, kunnenta ya yi nauyi. Ta kama hannuna ta ce, "Ɗana, wutar ga da ka ce, za ta iske ni da rai?" Wannan ya fi komai ƙona ni. Na sunkuya na gaya mata a kunne cewa surutuna ne kawai. Ta ce ba komai, ta ji daɗin jin sa.

Da za mu tafi Malam Garba ya kira ni gefe. Na sa ran mari. Ya ce a tsawon rayuwarsa bai taɓa jin an aurar da ɗiyar mutum a tsakiyar ruwa ba tare da an tambaye shi ba. In da gaske nake, in turo manyana ta ƙasa, kuma sai in yarinyar ta yarda. Balki ta yi wata da watanni ba ta ko amsa gaisuwata, saboda ƙawayenta sun hana ta sakat da Hajiya. Daga baya ta sauko. Yanzu jikokinmu ma sun san labarin, kuma a Warra har gobe Gwamna ake kirana, ni da ko kansila ban taɓa zama ba.

Mafarki dai ban daina ba. Abin da na koya shi ne in riƙa yin sa a zaune, bakina a rufe, kuma in fara tabbatar da inda gaɓa take.