Koren Ruwan da Alhaji Wahab Ya Zubar

"Injin da zai gagari Wahab ba a ƙera shi ba tukuna! Tun ina Kumasi, mota in ta ji takuna takan tashi da kanta saboda ladabi."

Haka Alhaji Wahab ya faɗa a gaban iyaye da baƙi, ranar da aka sa bikin Hafiza, 'yar ƙanwar matarsa. Mai karatu, don kada a yaudare ka, iyakar abin da ya taɓa haɗa Alhaji da mota a Kumasi shi ne yankan tikiti a tasha. Amma ya sayo wata tsohuwar motar tsere ƙirar Ingila, mai kujera biyu, daga rumfar wani manomi, inda kaji suka yi shekaru suna ƙwai a cikinta, kuma tun ranar bai ƙara sanin girman kowa ba.

"A soke doguwar motar hayan nan," in ji shi. "A motata amarya za ta iso, ni ne direba."

Matarsa, Hajiya Azaratu, shugabar matan zango ce, wato Hausawan da ke zaune a Greensboro, can ƙasar Turawa, mace mai kiyaye sunanta kamar gwal ɗinta. Ta dube shi ta ce, "Alhaji, in na sanar da mata, ba a janyewa. Gara a ɗauko ta a tawa."

"A Kwandon Tuwo?" Sunan da ya raɗa wa tsohuwar bas ɗinta ke nan, wadda take kai abincin suna da biki. "Amarya ce ko kular miya? Je ki sanar!"

Ta je ta sanar. Aka soke motar haya.

Alhaji, Sarkin Sifana, ya kafa aiki a bayan gidansu a unguwar Glenwood. Ya yi wa motar jan fenti mai ƙyalli, ya zo shiga, sai ga matsala. An ƙera ta ne don siraran Turawa, ba don mai tumbi da babbar riga ba. Rufin tamfol ya danne hularsa har kunne. Bai yi wata-wata ba ya ciccire rufin ya jefar.

"Yanzu duniya za ta ga fuskata," in ji shi.

Daga nan ya danna hon, hon ya yi kukan ɗan tsako. Ya cire shi, ya ɗaura na tirela.

Ana haka maƙwabcinsa Malachy, mutumin Jos, abokin wasansa, ya leƙo ta shinge ya tarar da shi yana tsiyaye wani koren ruwa daga lagireto.

"Alhaji Injiniya, wannan ruwan fa a kanti ake sayar da shi. Ba ka tsammanin yana da dalili?"

"Dalilinsa wayon Bature! Dubi launinsa, kamar miyar kuka ta kwana. A gida me muke zubawa? Ruwan famfo. Motocinmu sun je Tamale sun dawo da shi."

"A Tamale ana ƙanƙara?"

"Malachy, je ka yi ta waƙarku ta coci, ka bar inji ga masu inji."

Ya cika lagireto da ruwan famfo har baki, ya shafa bonet kamar mai lallashin jariri.

Bikin ya faɗo a watan Janairu. Ranar da safe gari ya waye da sanyin da ke daskarar da hawaye. Hajiya ta gama loda kulolin wake da shinkafa a Kwandon Tuwo. Amarya ta fito cikin farin leshi. A zauren biki kuwa, can titin Gate City Boulevard, mata sun yi layi, kowace da wayarta a hannu, suna jiran motar Ingila da Hajiya ta yi musu alkawari.

Alhaji ya fito da babbar riga mai sitaci, ya buɗe bonet don a ga aikinsa. Ruwan famfo ya zama dutse. Ya kumbura, ya tsage lagireto, ya tsage jikin inji, har wani ɗan gemun ƙanƙara na reto a ƙasa.

"Kawu, haka ake so ta zama?" in ji Hafiza.

"Barci take yi, 'yata. Hajiya, miƙo butar shayi!"

Ya kwarara tafasasshen ruwa. Tiriri ya turnuƙe, inji ya yi ƙas, kamar an fasa ƙashi. Ya cusa kansa bayan sitiyari, ya murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta yi atishawa, sannan ta amayo wani abu daga ƙasa mai kama da koko, baƙin mai gauraye da ruwa, ta yi shiru na har abada.

Wayar Hajiya ta fara ruri. Uwar ango ce.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba, don ba tarbiyyarta ba ce. Ta ce, "Na gaya wa mata za su ga jar motar Ingila a ƙofar zaure, kuma za su gan ta. Malachy, kana da igiya?"

"Har da ta ɗaure bijimin sa, Hajiya!"

Aka ɗaure jar mota a bayan Kwandon Tuwo. Malachy ya shige bayan bas ya rungume tukunyar miya, Hajiya ta riƙe tiren alkaki a cinya. Ba sauran mai tuƙi sai amarya. Hafiza ta tattare leshinta, ta kama sitiyari tana dariya har kwallinta na zuba.

Alhaji kuwa yana baya cikin jar motarsa, ba rufi, iska na yankar kunnuwansa. Duk sanda igiya ta fizga, tumbinsa sai ya danne sitiyari, hon ɗin tirela ya tsage unguwa. Wanda ma bai yi niyyar kallo ba, hon ya kira shi. Ɗalibai suka fito ƙofar gidajensu suna tafi.

A haka suka iso. Mata suka ɗauki guɗa, wayoyi suka tashi sama. Amarya ta sauko daga kujerar direba, aka rufe ta da turare. Alhaji ya yi yunƙurin fitowa, ashe ruwan butar da ya jiƙa masa riga ya daskare, ya manne shi da kujera. Ya yunƙura, hon ya amsa. Ya sake, hon ya sake.

Uwar ango, wadda ba ta gani sosai, ta matso da sandarta ta ce, "Hajiya Azaratu, ba kin ce motar maigidanki ce za ta kawo amarya ba?"

Hajiya ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta yi murmushi irin na manyan mata.

"An ɗan sauya tsari, Mama. Amarya ce ta kawo motar. Maigidan kuma, in ya narke, za a shigo da shi."