Ranar da na wanke motar surukina

Abubuwa da yawa na farkon aurena sun shige mini duhu, amma ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na wanke wa surukina motarsa ba. Kada ku ɗauka motar shiga ce. Duka-duka tsawonta kamu guda ne, kuma da gwangwani aka yi ta.

A ƙarshen shekarun tamanin aka kawo ni Unguwar Kanawa, gidan iyayen maigidana, kafin mu samu wurin kanmu. Na zo da niyyar sai an yi labarina. Mahaifiyata ta yi mini huɗuba cewa da tsafta ake gane mace, ni kuma na ɗauki maganar na ƙara mata gishiri. Tukunya ba ta wuni da baƙi a hannuna, ƙyaure ma gogewa nake yi, har butar alwala sai da na dirje ta da toka. Surukata, Inna, takan ce, "Yarinyar nan, wata rana mu ma sai kin haɗa da mu kin wanke." (Zolaya take yi, amma ni yabo na ji.)

Surukina, Baba, tsohon direban reluwe ne. Ba jirgi ya ja ba. A zamaninsu, in jirgi ya sauke kaya a tasha, akwai manyan motoci na reluwe da ke kwasa su kai kantuna da garuruwan da dogo bai kai ba. Ɗaya daga cikinsu ya tuƙa har ya yi ritaya. Da ya zauna a gida sai ya mayar da shagon ƙofar gida tasha. A kan wani faffaɗan katako ya shimfiɗa dogo na waya, ya jera tsinken ashana a ƙarƙashi, ya haɗa jirgi da taragai na gwangwanin madara, ga rumfar kaya ta kwali. A gefe kuma ga ƙananan motocin dakon kaya a jere. An ce wajen wani Bature injiniya ya ga irin wannan wasa tun yana saurayi, abin ya zauna masa a rai.

Ni dai daga nesa nake hango su in na kai abinci. Tsakanina da Baba gaisuwa ce a durƙushe, ido a ƙasa.

Wata Asabar aka ce tsofaffin abokan aikinsa za su zo bayan la'asar. Baba ya daɗe yana haɗa wata mota, ya gama, yana so ya nuna musu. Da hantsi ya fita aski, Inna ta ce, "Amarya, leƙa shagon Malam ki share kafin baƙi su zo."

Na share. Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labari.

Ina ɗagowa idona ya faɗa kan wata koriyar mota a gaban rumfar kaya. Sauran duk fes, ita kaɗai ce kamar an tono ta daga kwata. Tayoyinta jar ƙasa ta bushe a kai. Gindin ƙofa tsatsa. Tamfol ɗin bayanta baƙi ƙirin da maiƙo. Ga kuma gaban hagu a lotse, kamar wani ya taka. Tausayin Baba ya kama ni. Na ce a raina, bawan Allah ido ya fara rauni, baƙi za su zo su ga wannan ƙazanta a gidan da nake ciki?

Na ɗauke ta na ɓoye a mayafi, na kai bayan ɗakina. Na haɗa ruwa a baho da garin sabulu, na ɗauko soson ƙarfe. Jar ƙasar ta yi mini gardama, na jiƙa ta sai da ta saki. Tsatsar ta fita, koren fentin ya bi ta, wata 'yar lamba da ke jikin ƙofa ita ma ta bi su. (A nan ya kamata gabana ya faɗi. Sai na ce ai dama fentin ya tsufa.) Na ci gaba har rubutun gwangwanin madara ya bayyana, tana ƙyalli kamar sabon kwano. Tamfol na wanke shi na shanya, ya fito fari, ashe yankin tsohuwar riga ne. Lotsawar kuwa, ƙotar cokali na tura ta ciki na yi ta dannawa har ta miƙe. Na mayar da motar wurinta, na lulluɓe da wani ƙyalle mai fulawa daga kayan ɗakina, don abin ya zo da ba-zata.

Baƙi suka zo, tsofaffi cike da tabarma, maigidana yana gefe yana zuba musu kunu. Na kai abinci na gaishe su, maimakon in koma ciki sai na laɓe a bayan ƙyaure ina jiran yabo.

Na ji Baba yana cewa, "Iro, matso. Yau za ka ga tsohuwar uwar ɗakinka." Malam Iro wani siririn dattijo ne daga Mando, yana ɗingishi da sanda. Ya matso yana dariya. Baba ya ɗan tsaya yana kallon ƙyallen, bai gane shi ba, sannan ya yaye.

Shagon ya yi tsit.

Can Baba ya ce, "Wa ya taɓa motar nan?"

Baba mutum ne da ba ya ɗaga murya, ko ya ji daɗi ko ransa ya ɓaci. Ni kuma na riga na yanke cewa mamaki ne ya hana su magana. Sai na leƙo, ni da ko sunansa ba na iya faɗa, na ce da ƙarfi, "Ni ce, Baba! Har inda ta lotse ma na gyara!"

Na ga maigidana ya ajiye ludayi ya rufe fuska da hannu biyu.

Malam Iro ya juyo ya dube ni. "'Yata, lotsawar kika gyara?"

"E, Baba. Da cokali."

Ya ɗage ƙafar wandonsa, ya nuna mini ƙwaurinsa a karkace. "Ina ma kin zo duniya da wuri, da kin sa wa wannan ma cokali."

Wani ya fashe da dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya mayar da ita tari. A nan tsaye Malam Iro ya ba ni labari, ba da faɗa ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Shi ne karen motar Baba a da. Wata damina a hanyar Birnin Gwari shanu suka faɗo musu titi, Baba ya kauce, suka daki bishiya ta gefen da Malam Iro yake zaune. Baba ne ya zaro shi, ya goya shi a baya cikin ruwan sama har ƙauye. Motar ta ci gaba da aiki da lotsawarta har ta tsufa aka yanka ta, ko hotonta babu wanda ya ajiye. Shi ya sa Baba ya zauna ya yi ta daga ƙwaƙwalwarsa, yadda take a ranar nan. Jar ƙasar da ƙaro ya kwaɓa ya shafa. Tsatsar fenti ce, da gashin kaza ya ɗiga ta. Lotsawar da hannunsa ya yi, don Malam Iro ya gani.

Baba ya juya motar a hannunsa, ya shafa gabanta da babban yatsa. Ya ce, "Ba komai, 'yar nan. Allah ya yi miki albarka. Ko ranar da aka ba ni makullinta ba ta yi wannan ƙyallin ba."

Da mari ya yi mini da na fi samun sauƙi. Ban san lokacin da na kai ɗaki ba, takalmina ɗaya a zaure na bar shi. Inna ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Ni dai shara na ce." Maigidana kuwa da ya shigo tambaya ɗaya ya yi: "Don Allah me ta yi miki?"

Baba ya gwada sake fentin daga baya. Amma yanar ido ta riga ta fara rage masa gani, hannu kuma yana rawa. Koren ya zubo har kan tayoyi, lambar ya kasa rubutawa, sai ya tura motar bayan rumfar kaya ya bar ta. Na roƙi maigidana ya ce masa zan saya fenti in kai wa masu zane, Baba ya aiko cewa in kwantar da hankalina, mai zane bai san motar ba. Har Allah ya karɓi ransa bai taɓa tayar mini da maganar ba. Ni kuma kunya ta hana ni ko sau ɗaya in zauna in ce ya ba ni labarin sauran motocin, alhali kowacce na tabbata da nata. Wannan ne yake damuna har yau, fiye da dariyar da dangi suka yi ta yi mini.

Yanzu ni ma na zama suruka, kuma har gobe ina son tsafta. Sai dai in na ga abu mai datti a ɗakin tsoho, hannuna na baya nake tambaya tukuna: "Wannan dattin na wankewa ne, ko na ajiya?"