Rasuwar Maguɗiya, Rakodar Gidan Malam Shehu

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ta rasa inda za ta sauke shi, iyalan marigayi Malam Shehu na Malali, Kaduna, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tsohuwar rakodarsu, wadda aka fi sani da Maguɗiya. Ta cika ranar Alhamis da hantsi, a hannun surukai, tana tsaka da aiki. Babban mai makoki shi ne ɗan gidan, Sharhabil, wanda aka ɗaura wa aure washegari, kuma duk wanda ya ga idanunsa a wajen ɗaurin auren ya ɗauka murna ce ta yi masa yawa.

Marigayiyar ta shigo ƙasar nan a cikin akwatin Malam Shehu, lokacin da ma'aikatarsu ta tura shi kwas ƙasar waje, tun ba a san za a haifi Sharhabil ba. Tare ta zo da abokiyar zamanta, wata na'urar wasa mai madannai da ake jonawa da talabijin. Saboda yaran yanzu da suka buɗe ido suka tarar da wasa a cikin waya, ga yadda abin yake. Ita na'urar ba ta riƙe komai a kanta, da an kashe ta ta manta duniya. Wasannin a kaset suke, irin wanda ake ɗaukar waƙa ko wa'azi, sai dai su ƙara ce zalla. Aikin Maguɗiya shi ne ta biya wa na'urar wannan ƙarar tun daga farko har ƙarshe, kamar malami yana biya wa ɗalibi karatu. In ta dire lafiya, wasa ya bayyana a talabijin. In ta yi tari ko sau ɗaya, sai a mayar da kaset baya a sake sabon lale.

Kai, muryarta! Wa zai manta da ita? Takan fara da "tiiiiii" mai tsawo, siririya kamar zaren gizo, sannan ta ɓarke da "kirrr-shshsh, kirrr-kirrr," har kajin maƙwabta su ɗaga kai. Hajiya Hansai, uwargidan Malam, ita ta raɗa mata suna ranar da ta fara jin ta, ta ce, "Malam, wannan ai guɗa ce, ina amaryar?"

Marigayiyar ta rayu da mutunci. Ba ta taɓa neman data ba, ba ta taɓa cewa a sabunta ta ba. Abin da take so kawai a girmama ta: kada a kunna fanka tana karatu, kada a buɗe firji, kada wani ya taka ƙasa da ƙarfi. A kan maɓallin ƙararta akwai ɗigon jan farce da Malam Shehu ya ɗiga, alamar inda murya ta dace, kuma gusa shi daga nan laifi ne da ba a yafewa sai bayan kwana biyu. Ta koya wa yaran gidan haƙurin da bulala ta kasa koya musu.

A cikin kasusuwan da ta yi wa hidima akwai ɗaya da ya fi sauran daraja, na wasan wani ɗan kwalekwale mai kauce wa duwatsu. A farkonsa, kafin ƙarar ta soma, Malam Shehu ya ɗauki muryarsa yana cewa, "Wasan kwalekwale. Babana, cire hannunka daga maɓallin nan, ina ganin ka." Da Sharhabil yake, wanda ya ci sunan kakansa. Tun da Malam ya rasu, babu wani wuri a duniya da muryarsa ta rage sai a wannan ɗan zaren kaset. Abokai sun sha ba Sharhabil shawara ya kwafe shi a waya, don sun ce yanzu har daga waya da faifan sidi, kai har da faifan garmaho, mutane suna loda irin waɗannan wasanni. Ya ƙi. Ya ce ba zai yi wa dattijuwa ritaya tana da ranta ba. Sau ɗaya ya gwada wayar da wani wasan daban, ana dab da gamawa wani ya kira shi yana tambayar ko yana gida, komai ya rushe. Daga ranar ya ce waya ba ta da amana.

Ba za a rufe tarihinta ba sai an faɗi rawar da ta taka a neman aure. Samari na zuwa zance da turare da kalamai, shi Sharhabil ya sauka Rigasa a Keke Napep da rakoda a hammata da na'ura a leda, ya ari talabijin ɗin falon su Juwairiyya, budurwar tasa. Ta zauna ta naɗe hannu tana sauraron tiiiii da kirrr, ba ta yi dariya ba, ba ta duba wayarta ba. Ana gab da direwa aka ɗauke wuta. Ta dube shi ta ce, "To, in an kawo sai mu sake." Ya ce a nan take ya san ya gama neman mata.

Ciwon ajalinta kuwa gajere ne. Ana gobe jere, Sharhabil ya kai ta sabon gidansa da ke bayan layinsu, ya ɗora ta a kan taga ya lulluɓe da ɗankwali, kasetin kwalekwale na cikinta, wai don ta riga kowa shiga. Kowa ya san ranar jere gida na dangin amarya ne, ango ko inuwarsa ba a son gani. Mata suka cika gida ƙarƙashin jagorancin Gwaggo Ladidi, yayar mahaifin amarya, ana kafa gado ana rataye labule. Can aka ce aiki ba kiɗa ba ya sauri. Gwaggo ta yaye ɗankwali, ta ga rakoda irin ta zamaninsu, har da rangaɗa guɗa. Ta danna. Hayaniya ta hana a ji muryar Malam, sai tiiiii ta cika falo.

"Datti ne a kanta," in ji Gwaggo. "Mu da muka yi zamani da rakoda za a gaya wa? Ku miƙo mini turare da auduga."

Gaskiya ne mutanen da sukan goge kan rakoda da ɗan turaren fesawa. Amma gidan amarya ne, abin da hannu ya fara kaiwa gare shi kwalbar humra ce, mai kauri, mai maiƙo, haɗin musamman. Gwaggo ba ta da rowa. Ta zuba wa marigayiyar har ta ƙoshi, ta mayar da kaset, ta murɗe maɓalli ya wuce jan farce har ƙurya, ta ƙara mata da mari biyu a gefe don ta dawo hayyacinta. Shaidu sun ce kalamanta na ƙarshe su ne "kirrr... wuuu... ƙwat." Ɗan hayaƙi ya tashi, mai ƙamshi ƙwarai.

An garzaya da ita wurin Malam Mustapha mai gyaran rediyo a Rafin Guza. Ya sansana ta, ya girgiza kai, ya ce sai haƙuri. Sannan ya faɗi abin da ya fi mutuwar ciwo: ta tafi da kaset a cikinta. Ƙofa ta cije, zare ya naɗe a ƙarafunanta. In an ja shi zai tsinke. In ana son ya fito da ransa, sai an sa zarto an raba gawar biyu.

Tun daga ranar Sharhabil ya kasa cewa e, ya kasa cewa a'a. Yakan zauna ya tasa ta a gaba, ya kai hannu kan ɗigon jan farcen nan, ya janye. A fasa abin da hannun mahaifinsa ya shafa shekara da shekaru, ko a bar muryarsa a kulle cikin duhu tana shan humra? Malam Mustapha kuma ya yi gargaɗi cewa maiƙon na ci gaba da bin zaren, ba zai jira ango ya gama tunani ba.

Marigayiyar ta bar abokiyar zamanta na'ura, wadda yanzu ke zaune ba ta san ko sunanta ba. Ta bar kasusuwa cike da kwalin takalmi, marayu, da wani tsohon biro da aka daɗe ana juya su da shi, da Hajiya Hansai wadda ta ce ita fa kunnenta ya huta amma an ga tana share ido da bakin mayafi. Iyali sun yafe wa Gwaggo Ladidi duniya da lahira, suna kuma roƙon ta ta zo ta ɗauke sifikar bulutut ɗin da ta aiko a matsayin diyya.

Ana karɓar gaisuwa a gidan ango bayan la'asar. Masu zuwa su taka a hankali, su kashe ƙarar waya, kuma don Allah kada a shafo humra.

Batun jana'iza shi ya so ya raba kan dangi. Jiya aka zauna a falo, Gwaggo ta ce, "Ango, kai ma dai da abin dariya kake. A kira mai gwangwan ya auna ta a wuce wurin, ƙarfe ne fa." Sharhabil ya sunkuyar da kai. Sai amarya, wadda tun da aka kawo ta ba wanda ya ji muryarta sama da raɗa, ta ɗage mayafi ta yi gyaran murya.

"Gwaggo, ki yi haƙuri, ba mai auna ta. Ran Asabar da safe za mu kai ta Rafin Guza a yanka, ni zan riƙe ta, shi ya tsaya a waje in ba zai iya gani ba. Ban taɓa gaida surukina ba, ina so in ji muryarsa a gidana. Gawar kuma a haɗa ta a dawo mini da ita, a kwashe tangaran ɗin da ke saman shogilas, nan ne makwancinta."