Leɓen Mai Kare Ƙudan Zuma

"Lafiya lau, Tsoho. Amma wa ke amsa min gaisuwa, kai ko tawul?"

Jikarsa ce ke tsokanarsa. Kakan nata, tsohon tela, yana zaune bakin keken ɗinkinsa, ya naɗe rabin fuska da tawul. Shi ya tara mutanen unguwa suka matsa wa masu kula da lambun shaƙatawa har aka dakatar da feshin maganin ƙwari na ɗan lokaci a gwada, don ƙudan zuma sun kusa ƙarewa. Yau za a zauna a yanke ko a daina gaba ɗaya ko a koma feshi, kuma shi aka zaɓa ya yi magana. Da safe ya je lambun yana bitar jawabinsa, ya sunkuya zai shinshina fure, sai ɗaya daga cikin waɗanda yake karewa ya harbe shi a leɓe.

Jikar ta fizge tawul ɗin, ta duba, ta zube kan tarin yadudduka tana dariya.

"Tsoho, leɓen nan zai riga ka isa wurin taro."

"Yi dariyarki, sarkin surutu. Na yi yawo gida-gida har takalmina ya cinye, ga tukuicin da aka ba ni."

"Lambar yabo ce, kana raina ta."

"Ai a ƙirji ake maƙala ta. Ni da nake tela, tawa aka ɗinka min a baki, kuma ba a gwada ba."

Yana wasa, amma ya san akwai matsala. Masu son a koma feshi hujjarsu ɗaya ce, wai ƙudan zuma za su harbi yara. In suka ga wannan leɓe, aikin unguwa duka ya rushe, kuma a fuskarsa. Sai ya kwantar da murya ya roƙe ta ta je ta yi magana a madadinsa, ta ce yana zazzaɓi.

"Ni? Jiya ka ce muryata keken ɗinki ne da ba a sa wa mai ba."

"Na janye. Yau muryata ta fi taki muni."

"Tsoron kunya kake? Kai da bara ka hau tsani kana shafa furen lemonka ɗaya bayan ɗaya da buroshi don ya yi 'ya'ya, yara suna leƙe ta katanga?"

"Dole ce ta sa. Ni kaɗai ne ƙudan zuman da ya rage a unguwar, ga sanƙo ga ciwon gwiwa."

"Kuma lemon da ka samu bai cika hularka ba."

Ya buɗe baki zai rama, sai wani abu ya faɗo masa a rai. Bara ko da zai kwana cikin furannin lambun nan, ba zai samu ƙudan zuma ko ɗaya da zai harbe shi ba. Ya shafa leɓen a hankali, ya ji daɗi ya kama shi.

"Ba ni hulata. Haka zan je, su ga shaida da idonsu."

A bakin ƙofa ya juyo, ya zaro wani tsohon buroshin goge baki daga aljihun keken ya miƙa mata.

"Ungo, na yi ritaya. Masu aikin sun dawo."

Ta jujjuya shi a hannu. "Tsoho, ai wannan nawa ne da ya ɓata!"

Ya so ya yi dariya, leɓen ya hana.